Ƙugiya a Kan Layi

Ni ban nema ba. Ƙuri'a ce ta faɗa kan watan haihuwata,
aka biyo ni har bakin murhun da nake gasa kifi,
aka ce: Nicanora Pech, ranar Lahadi ke za ki tsare akwati.
Na goge hannu a jikin riga, na ce to.

Takarar gwamna ta mutum biyu ce, saura 'yan rakiya.
Ga Injiniya, mai alkawarin gyara mana gaɓar teku,
ga Likita, da ta ce asibiti zai daina rubuta magani
a tura mu saye a Campeche.
Wata uku garinmu ya dare biyu kamar kwakwa.
Mai sayar da ƙanƙara ya daina gaida surukinsa,
kwale-kwale ma kowane da fentin gwaninsa.

A ajin 'yan firamare muka haɗa tebur uku.
Tun takwas nake shafa wa jama'a tawada a babban yatsa,
yatsun da gishiri ya cinye,
yatsun da ba su taɓa jan taru ba.
Da rana tsaka babana ya zo, Eleuterio,
tamanin da ɗaya, hula a hammata,
hannu na rawa kamar igiyar fatsa in kifi ya taɓa.
Ya daɗe a bayan labule.
Ban dube shi ba. Aiki nake.

Shida ta buga muka rufe ƙofa.
Hadari ya taso daga teku, wuta ta ɗauke,
wani ya kawo fitilar da ake fita kamun dare da ita.
Ina ɗagawa, ina faɗa, ana rubutawa,
ruwa na dukan kwano har sai na ɗaga murya.

Injiniya, ɗari biyu da tara.
Likita, ɗari biyu da tara.
Takarda ɗaya ta rage a hannuna.

Na buɗe.
Mai ita bai yi gicciye irin na kowa ba.
Ƙugiya ya zana, ƙarama, mai lanƙwasa hagu,
irin wadda ke jikin kwale-kwalenmu,
irin wadda ke ƙasan takardar makarantata
a wurin sa hannun uba.
Ta sauka daidai kan layin da ya raba gidan Injiniya da na Likita,
rabi nan, rabi can.

Wilberth, wakilin Injiniya, ya ce bakin ƙugiyar namu ne.
Genoveva ta ce ai daga gindi ake fara rubutu.
Suka haska ta ta gaba, suka haska ta ta baya,
kamar masu duba ƙwai.

Ni kuwa na sani.
Wata uku ina jin sunan a bakinsa kowace safiya,
yana kurɓar kofi, yana zagin ɗayan.
Kalma ɗaya ce tsakanina da raba gardama.
Amma takarda aka ba ni tsaro,
ba hirar gidanmu ba.

Na ce: ta lalace.
Muryata ba ta yi rawa ba. Gwiwa ce ta yi.

Muka manna sakamako a bango, ruwa ya fara lasar tawadar.
Rediyo ya ce tazarar jihar gaba ɗaya
ba ta cika motar safa biyar ba,
kowane ɓangare ya riga ya harba wutar murna,
za a sake buɗe akwatuna ranar Laraba.

Na iske shi a ragar lilo, bai yi barci ba,
yatsa mai tawada bisa ƙirji.
Ya ce: an ƙirga tawa?

Na cire takalmi, na zuba masa ruwa.
Na ce: an ƙirga, Baba.
Ta fi kowacce daɗewa a hannu.